Kawu da Wutar Tsohuwar Bas

Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Gwaram, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, lokacin da ta rasu. Aikin wutar lantarki ya yi duk tsawon rayuwarsa, kuma tsakanin Gwaram da Birnin Kudu da wuya ka shiga unguwar da babu gidan da ya ja wa waya.

Kwana uku muna zaune a tsakar gida tare da matarsa, wadda muke kira Iya, mutane na shiga suna fita. Abin da na lura da shi, kowa in ya gama "ya haƙuri", sai ya ɗan tsaya ya kawo labarin faɗan da Kawu ya taɓa yi masa. Wani limami daga Dingaya ya tsaya daga bakin zaure ya ce wa Iya, "Hajiya, mutumin nan ya taɓa tarar da na ɗaure wayar lasifikar masallaci da leda. Ya ce mini, Malam, kai ka san karatu, ni na san waya, zan bi ka salla amma wannan ƙullin ba zan bi shi ba." Muka yi dariya da hawaye a idonmu. Wata mai injin niƙa daga Sara ta ce har yau in za ta taɓa makunni sai ta goge hannunta a zani, don tana jin muryarsa a bayanta. Sai wani tsohon abokin aikinsa, Kirista ne mutumin Filato, ya zo daga Birnin Kudu. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ƙyar ya ce, "Mama, shekara talatin muna aiki tare, ban taɓa buɗe akwatin wutar da ya haɗa gabana ya faɗi ba." Ya juya ya fita yana share ido.

Ni ban ba da nawa labarin a wurin ba, don nawa ba na zaman makoki ba ne. Akwai maganar da na taɓa gaya wa Kawu a gaban mutane, irin wadda ɗan riƙo ba ya gaya wa wanda ya riƙe shi, na kuma yi shekara huɗu ina ɗauke da ita ban iya neman gafara ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma ba zan yi masa adalci ba in na ɓoye nawa laifin.

Dogo ne siriri, da tasta a aljihun gaba kusa da asuwaki. Tasta ita ce 'yar sukurdireban nan mai fitila a gindi, wadda ke kamawa in ta taɓa wurin da wuta take. Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa tsiya a kanta: ba ya kama ƙarfe sai ya fara taɓa shi da bayan hannu. Ƙofar gidan mutane, firji, har butar shayi a kan gawayi. Iya takan ce, "Malam, butar ma lantarki ne a cikinta?" Shi kuwa sai ya ce hannun ne ya saba, ba ya shawara da shi. Ni "Uwata" yake kira na, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ko faɗa zai yi mini sai ya fara da "Uwata", sai faɗan ya rage ɗaci. Shi ya kawo mini keken ɗinkina na farko bayan aurena, a bayan babur, ya ɗaure shi da roba tun daga Gwaram har Birnin Kudu.

Maigidana direba ne. Yana da wata doguwar bas mai tsayin rufi da ya yi shekaru yana jigila da ita a hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu, har ranar da injinta ya mutu mutuwar da ba gyara. Aka cire inji da kujeru, aka turo gangar jikin aka jingine a gefen katangarmu, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Ni kuma ɗakina ya yi wa ɗinki kaɗan. Na roƙe shi ya ba ni ita, ya ce in na iya na ɗauka. Kafinta ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya yi mini kanta da benci, muka shigar da kekuna uku. Abin da ya rage wuta, sai na aika wa Kawu.

Da ya iso bai ko shiga ba. Ya zagaya bas ɗin sau biyu, ya sa ƙafa ya taɓa taya.

"Uwata, mene ne wannan?"

"Shagona ne, Kawu."

"Tukunyar ƙarfe ce a kan roba." Ya buga jikinta da bayan hannu. "Bangon ɗaki ba ya ɗaukar wuta. Wannan kuwa in waya ɗaya ta goge ta taɓa ta, duk jikin nan ya zama waya. Tayoyin nan kuma sun raba ta da ƙasa, wutar ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna tana jiran wanda zai ba ta hanya. Su wa za su riƙa shigowa?"

"Mata mana."

"Da takalmi?"

"Haba Kawu, wa zai hau mini kan kayan mutane da takalmi? A ƙasa za su cire."

"To kin gani. Ƙafa a ƙasa ba takalmi, hannu a ƙarfen ƙofa. Matar nan ita ce hanyar."

Aikin da na zaci na yini ɗaya ne ya ci kwana biyar. Duk hudar da waya za ta ratsa ƙarfe sai ya yanka guntun tiyo ya sa a ciki, don kada bakin ƙarfen ya ci wayar. Waya uku ya ja zuwa kowane soket: ja mai kawo wuta, baƙa mai mayar da ita, da kuma koriya, wayar ƙasa, wadda ya ce ba ta aikin komai sai ranar tsiya. Ya kankare fenti a jikin bas ɗin har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure koriyar a wurin da noti. Ya kafa akwatin wuta a bayan inda kujerar direba take a da, ya jera makunnai a ciki, ya manna wa kowanne takarda da rubutun ajami: keke, guga, fanka, fitila. Akwai babba guda mai ɗan maɓalli, wanda ke faɗuwa da kansa da zarar wuta ta zurare inda bai kamata ba. Shi Kawu ya sa wa suna mai gadi.

Inda aka sha wahala shi ne sandar jan ƙarfe da za a kafa a ƙasa a ɗaura mata koriyar waya. Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san a kan dutse muke zaune. Maigidana ya haƙa rami uku, kowanne bai kai gwiwa ba diga ke cin karo da fa. A na uku ya jefar da digar, ya ce, "Kawu, a kwantar da ita a rufe da yashi mana, wa zai gani?"

"Wutar za ta gani," in ji Kawu. Ya juyo wurina. "Uwata, a ina kuke alwala?"

Na nuna masa wani lungu a gindin katanga inda muke ajiye butoci, inda wani ɗan zogale ke tsaye kore shar ko da bazara. Nan ya sa aka haƙa, aka kuwa samu ƙasa mai laushi har zuwa ƙugu. Ya buga sandar ta shige, ya zuba gawayi, ya shiga madafata da kansa ya kwaso gishirina kusan rabin kwano ya barbaɗa, aka mayar da ƙasa. Ya ce busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta, amma wurin da ake zuba ruwa sau biyar a rana ba zai bushe ba. "Kada ki kuskura ki ɗauke butocin nan daga nan. Ku yi ta alwalarku, kuna samun lada kuna shayar mini da sandata."

Shekara biyu da suka biyo baya su ne mafi daɗi a sana'ata. Bas ɗin ta zama majalisar matan unguwa. Fanka na juyawa, rediyo na yi, takalma jere a ƙasa, in damina ta yi ruwa ya riƙa dukan rufin har ba ma jin juna sai mun ɗaga murya. Kawu yakan zo babban asibiti a duba masa hawan jini, kuma ba ya komawa sai ya biyo. Zai yi sallama, ya taɓa ƙofa da bayan hannu, ya wuce kai tsaye wurin akwati ya danna maɓallin mai gadi don ya ga ko yana aiki. Sai ka ji ƙas, kekuna su tsaya a tsakiyar ɗinki, mu yi ta ihu, "Kawu, ka ɓata mini wuyan riga!" Shi kuwa dariya yake yi har da riƙe ciki, sannan ya mayar da wutar ya zauna a sha ruwa.

A azumin shekara ta uku ne abin ya faru. Saura kwana goma sha biyu Sallah, kayan mutane sun cika kanta har kan benci, sai mai gadi ya fara faɗuwa duk lokacin da aka jona dutsen guga. A tayar da shi, ya sake faɗuwa. Ban kira Kawu ba, kuma da gangan na ƙi. Na san halinsa, zai zo ya ce sai an bi waya ɗaya bayan ɗaya, a yi kwana uku ba ɗinki. Maigidana ya kawo wani abokinsa daga tasha, mai wayarin mota. Mutumin kirki ne, kuma a aikinsa gwani ne, sai dai shi da ya ga bas, mota ya gani. Ya ce a mota ai waya ɗaya ake ja, jikin motar shi ne ta biyu. Ya ɗaure baƙar waya a jikin bas ɗin, ya zagaye mai gadi ya haɗa wutar kai tsaye, ya kwance koriyar daga notinta ya ce ita ke sace wuta tana kai wa ƙasa. Cikin rabin awa komai ya tashi. Na yi ta sa masa albarka.

Washegari mata suka fara cewa ƙofar tana ɗan jan hannu. Wata ta ce, "Bas ɗinki ta koyi mintsini." Muka yi dariya. Na ɗauki ƙyallen atamfa na nannaɗe ƙarfen da ake kamawa, na ci gaba da ɗinkina.

Kwana uku bayan haka Kawu ya biyo daga asibiti. Mu bakwai ne a ciki. Ta taga na hango shi ya tsaya yana kallon ƙyallen nan. Ya zaro tasta ya dangwala a jikin bas ɗin, 'yar fitilar ta kama. Ban taɓa ganin Kawu yana gudu ba sai ranar. Ya faɗa cikin gida ya fizge wayar da ke kawo mana wuta, sannan ya dawo ya buɗe akwati. Ya daɗe yana kallo. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya kwance akwatin gaba ɗaya daga jikin bas ɗin, ya saƙale shi a hammata.

"Kawu, ina za ka kai shi?"

"Gwaram."

"Saura kwana takwas Sallah! Dubi kayan mutane. Ka bari a wuce Sallah, in ya so ka yi duk abin da za ka yi."

"Ba za a ƙara kunna ko fitila a nan ba sai na gyara."

"Kwana uku muna aiki lafiya lau, ba abin da ya samu kowa."

"Uwata, sa'a ce kika ci kwana uku. Ba zan bar ki ki gwada na huɗu ba."

Ga azumi, ga zafi, ga idon mata a kaina, ni kuma tun ina yarinya bakina ya fi ni sauri. Na ce, "Shagona ne, mijina ne ya ba ni. Kai ba kai ka haife ni ba, balle ka zo ka tsinka ni a gaban mutane."

Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana so ya tabbatar ni ce. Ya ce, "To." Ya mayar da akwatin ɗaya hammatar, ya taka zuwa bakin titi ya tsayar da ɗan acaɓa. Wata tsohuwa cikin masu kawo ɗinki ta ɗauki mayafinta, ta ce, "'Yar nan, kin yi ɓarna," ta sa takalminta ta tafi.

Kwana biyu muna taka keke da ƙafa, muna guga da dutsen gawayi. A rana ta uku da safe sai ga shi da akwatin, ya sake haɗa shi tsaf. Ya yi sallama ya ce, "Uwata, an tashi lafiya?" kamar ba abin da ya faru. Yini guda ya yi a cikin ƙarfen nan da azumi a bakinsa, ba fanka, zufa ta jiƙa rigarsa har baya. Ya cire baƙar waya daga jikin bas ɗin, ya mayar da koriyar kan notinta, ya bi soket ɗaya bayan ɗaya. Can da la'asar ya miƙo mini dutsen gugata, ya nuna mini inda igiyar ta ƙone a gindi, waya tsirara tana taɓa ƙarfen. "Mai gadi ba ƙarya ya yi miki ba," ya ce. Maigidana kuma ya ja shi gefe, ina ji yana gaya masa cewa da baƙar wayar ta tsinke a kan falwaya, ko wani ya juya wayoyi wajen jona janareta, da duk wadda ta fara kama ƙofar nan ba takalmi ita ke nan. Maigidana ya zauna a kan dutse ya riƙe kai.

Na dama masa kunun tsamiya, na soya ƙosai, na ce ya tsaya ya sha ruwa da mu. Ya ce Iya na jiransa. Na raka shi har bakin titi da maganar a bakina, amma abin da ya fito shi ne, "Allah Ya kiyaye hanya."

Haka na yi shekara huɗu. Da ya canza mini fuska da ya fi mini sauƙi, amma bai canza ba. Yana zuwa, yana danna maɓallinsa, yana dariyarsa, yana ce mini Uwata. Duk zuwan da zai yi sai na ƙudura yau zan faɗa, sai in ga ya sake da mu yana raha, in ce don me zan tono abin da ya wuce. Kowace Sallah nakan ɗinka masa kaftani in aika, ina ganin kamar rigar za ta yi magana a madadina. Wata rana ina taya Iya tsintar shinkafa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da ya dawo gida da akwatin nan, dabino ɗaya ya ci ya sha ruwa, ya ture abincin." Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Kunya ta hana ni, girman kai kuma ya taimaka mata.

Da ciwo ya kwantar da shi na riƙa zuwa Gwaram duk mako. Kullum ɗakin cike da masu dubiya. Sai wata Lahadi bayan la'asar na tarar da shi shi kaɗai, Iya na tsakar gida tana wanki. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa a gefen katifar, na ce, "Kawu, akwai maganar da na gaya maka a bakin bas." Ban iya ƙarasawa ba, kuka ya ƙwace mini.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, a hankali don numfashinsa ba ya kai masa, "Na ji ta. Ba zan ɓoye miki ba, ta yi mini zafi, har na iso Gwaram ina jin ta. Amma ai gaskiya kika faɗa, ban haife ki ba. Shi ya sa ma na ɗauke akwatin."

Na ɗago na dube shi.

"Ranar da uwarki za ta tafi, ta kama hannuna ta ce, Yaya, ga ta nan. Ba ta ƙara komai ba. Da ni na haife ki, in wani abu ya same ki, tsakanina ne da Allah. Ke kuwa akwai wadda zan je in tarar, ta tambaye ni ina na baro ki." Ya ɗan huta. "To ga shi na kusa zuwa. Zan ce mata na baro ki da ranki, da 'ya'yanki, da bakin nan naki irin nata."

Na ce, "Ka yafe mini, Kawu."

"Na yafe tun a kan acaɓa. Ke ce kika daɗe ba ki zo kin karɓa ba. Tashi ki taya Iya shanya."

Na tashi na fita na taya ta. Kwana tara bayan nan ya rasu.

Allah Ka gafarta wa Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sada shi da ƙanwarsa cikin rahamarKa, ya ba ta amsar da ya tanada.